Riyal 5,000 a Jidda: zai riƙe mai iyali?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibiti a Kano. Wani asibiti mai zaman kansa a Jidda ya ba ni aiki a kan riyal 5,000 a wata, sun ce komai yana ciki, babu gida, babu kuɗin makaranta. Ina da mata da yara uku, kuma burina in kwashe su mu koma can, yara su tashi kusa da Harami. Wannan kuɗin zai riƙe mu? Mutum zai iya kafa rayuwa a can da irin wannan albashi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a wannan hanya da ta buɗe maka. Aikina a Jidda lissafin albashin ma'aikata ne da bin takardunsu, don haka irin takardar da aka turo maka ta sha biyowa ta hannuna, kuma na ga yadda masu ita suka ƙare. Riyal 5,000 zai riƙe ka kai kaɗai cikin rufin asiri har ka yi ajiya mai kyau. Mutum biyar kuwa ba zai riƙe su ba sai da ƙunci, irin ƙuncin da zai cinye dalilin fitowarka. Ba tsadar shinkafa ce ta kawo haka ba. Tsarin zaman baƙo ne aka gina a haka, kuma gara ka san shi tun kana Kano.

Na san da ka ga adadin ka buga shi da naira. Riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 dala ɗaya, ke nan albashinka dala 1,333 ne. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, riyal ɗin da yake wajen naira 120 ya kai kusan 400. A wancan farashi albashinka ya doshi naira miliyan biyu a wata, dole zuciya ta motsa. Sai dai wannan lissafi yana aiki ne kawai a kan kuɗin da ya tsallaka ya isa gida. Wanda ka kashe a Jidda riyal ne, a farashin Jidda. Abin dubawa shi ne nawa zai rage ya tsallaka.

Kwantiragin baƙi a nan iri biyu ne. Akwai wanda ake ba manyan likitoci, malaman jami'a da injiniyoyin manyan kamfanoni: gida ko kuɗinsa, tikitin iyali duk shekara, wani lokaci har da kuɗin makarantar yara. Su ake gani sun dawo hutu da manyan akwatuna, su suka sa ake ɗauka duk wanda ke Saudiyya a cikin daula yake. Naka ɗaya irin ne, wanda ake biyan baƙo kamar ɗan gida. To amma ɗan ƙasar da ke karɓar 5,000 a benci ɗaya da kai, nauyinku ba ɗaya ba ne. Shi ba ya biyan ko halala, wato kwabon riyal, don matarsa da 'ya'yansa su zauna a ƙasar. Asibitin gwamnati kyauta, makaranta kyauta har jami'a. In samunsa kaɗan ne, akwai tallafin Hisabul Muwaɗin da aka fara a Disambar 2017 don rage wa 'yan ƙasa raɗaɗin tsadar wuta da mai. Ana tara masa fansho. Kai kuwa abin da kamfani ke biya a kanka a hukumar inshorar ma'aikata kashi 2 cikin 100 ne, na haɗarin wurin aiki, babu fansho a ciki.

Babban abin da ke karya mai iyali shi ne kuɗin murafiƙai, harajin da baƙo ke biya a kan duk wanda ke zaune a ƙarƙashin igamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar. An fara shi a Yulin 2017 a kan riyal 100 a wata kowane kai, ya koma 200 a 2018, 300 a 2019, ya tsaya a 400 tun Yulin 2020. Babu ruwansa da shekaru, ɗan goye da uwarsa kuɗinsu ɗaya. Mata da yara uku kai huɗu ke nan, riyal 1,600 a wata, 19,200 a shekara. Kusan sulusin albashinka ya tafi tun ba a ɗora tukunya ba. Kuma ba irin bashin da za ka ce sai ka samu ba ne: ba a sabunta igama sai an biya, ba a ba su bizar fita da dawowa sai an biya. A kanka yake, sai dai in kamfani ya ga dama ya ɗauka. Ina nan lokacin da harajin ya fara cizo. Misirawa, 'yan Sudan, 'yan Pakistan, mutanen da suka tsufa a nan da iyalansu, suka yi ta karyar da kujeru da firji suna tura mata da yara gida, maigida ya koma ɗakin gwauraye. Da yawansu albashinsu ya fi naka.

Sai gida. Haya a nan shekara aka saba biya, ko a raba biyu, kuma a manhajar Ejar ake rubuta yarjejeniyar. Jidda ta ƙara yi wa talaka tsada tun da aka fara rushe tsofaffin unguwanni a ƙarshen 2021, sama da sittin, ciki har da Karantina, Sabil, Gulail da Hindawiyya, inda mutanenmu suka fi yawa kuma haya ta fi sauƙi. Waɗanda aka tasa suka bazu neman gida a lokaci guda, farashi ya tashi. Mu ɗauka ka yi sa'a ka samu ɗaki biyu da falo a gefen gari a kan 18,000 a shekara, 1,500 ke nan a wata. Haɗa da 1,600, saura 1,900 a hannunka. A ciki za ka biya wuta, kuma a Jidda na'urar sanyaya ɗaki ba ado ba ce, rabin shekara ba a kashe ta. A ciki za ka ciyar da mutum biyar, ga harajin kaya na kashi 15 cikin 100 a kan kusan komai tun Yulin 2020. Fetur yana da sauƙi, riyal 2.18 lita, amma gari ne mai tsawo da aka tsara don mai mota, sai ka saya ka kuma riƙe ta. Ba zan ce za ku kwana da yunwa ba. Burodin tamis da waken ful da shinkafa da kaza ba su fi ƙarfin ma'aikaci ba. Amma wata zai ƙare babu abin da ya rage, kuma ban sa tikitin mutum biyar zuwa Kano ba, ban sa mahaifiya da ke jiran aike ba.

Maganar yara ita ta fi damuna. Makarantar gwamnati tana karɓar 'ya'yan masu igama kyauta in akwai gurbi, da Larabci ake koyar da komai, kuma yaron da ya shiga tun aji ɗaya zai fito da Larabci da Alƙur'ani abin sha'awa. Matsalar tana gaba. Jami'o'in gwamnati ba a buɗe suke kyauta ga ɗan baƙo ba sai ta gurbin tallafin karatu, wanda kaɗan ne kuma ana rububinsa. Wanda ya gama sakandare da Larabci zalla in ya koma Najeriya zai tarar da JAMB da Turanci suna jiransa. Makarantun kuɗi masu koyarwa da Turanci kuwa, ko mafi araha a cikinsu, na yara uku ba zai shiga cikin 1,900 ɗin nan ba. Haihuwa a Saudiyya ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa. Ɗa namiji in ya kai shekarun da doka ta yanka, dole ya fita daga igamar mahaifinsa ya sami nasa kafilin, wato mai aikin da igamarsa za ta rataya a kansa, ko ya bar ƙasar da bai san wata ba. Na zauna da samari irin waɗannan, haifaffun Jidda, Hausarsu ta gauraye da Larabci, suna fargabar Kano yadda kake ɗokin Makka. Iyaye ba sa hango wannan rana sai ta zo.

Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2 a ƙasar, miliyan 13.4 baƙi ne, kuma kusan dukkansu zamansu a rataye yake da aiki. Ranar da aiki ya ƙare igama ta bi shi, ta iyali kuma ta bi ta uba. Akwai izinin zama na musamman da aka fito da shi a 2019 wanda ba ya buƙatar kafili, amma riyal 800,000 ne na dindindin, ko 100,000 duk shekara, ba na mai albashi irin namu ba ne. Sana'arka ma tana cikin waɗanda ake mayarwa hannun 'yan ƙasa. Tun 2011 da aka kawo tsarin Niɗaƙat ake wajabta wa kamfanoni ɗaukar kaso na 'yan ƙasa, a 2025 kuma aka ɗaga kason aikin ɗakin gwaje-gwaje zuwa 70 cikin 100. Kujerar da aka ba ka tana cikin 30 da suka rage. Ban ga laifinsu ba, ƙasarsu ce, suna da samari da 'yan mata da suka yi karatu suna neman aiki. Amma zaman baƙo a nan zaman ɗan haya ne a gida mai kyau: ka sha inuwarsa, ka kiyaye dokar mai gida, ba a tsakar gidan nan za ka shuka giginya ba.

Za ka ce to ai ga Hausawa nan cike da Makka da Jidda da Madina, kaka da kakanni, su yaya suka yi? Mutanenmu sun riga masarautar kanta, wadda aka kafa a 1932, zama a Hijaz. Alhazan da suka taho a ƙasa ta Barno da Chadi da Sudan, suna tafe suna noma da ƙwadago shekara da shekaru, suka tsallaka Bahar Maliya, wasu ba su koma ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'a mai yawa ta yi gabas. Wasu suka zauna a Mai Wurno a Sudan, wasu suka ƙarasa. Jikokin waɗanda suka sami takardar ƙasa a wancan zamani su ne masu sunan Hausawi, Fallata da Barnawi, cikakkun 'yan ƙasa, irin su Usama Hausawi da ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙasar a gasar duniya ta 2018. Waccan ƙofa ta rufe tuntuni. Waɗanda suka zo daga baya da bizar Umara suka maƙale, irin waɗanda za ka gani a Shara Mansur a Makka, rayuwarsu ba abin da za ka so wa 'ya'yanka ba ce: yaro ba takarda, makaranta da asibiti sai da dabara, uwa tana talla ido ɗaya a kan titi saboda askarawa. An yi babban kame a ƙarshen 2013, an sake a 2017 bayan wa'adin afuwa, kuma har yau ana kwasar mutane zuwa gidan tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora. Yanzu da layin waya da haya da asusun banki duk suka koma kan zanen yatsa da lambar igama, zama ba takarda ya fi da wuya nesa ba kusa ba. 'Yan'uwanmu ne, masu karamci, su za su fara aiko maka da kunu ranar da ka kwanta zazzaɓi. Dalilin da ya sa na kawo zancensu shi ne wasunsu da igama suka shigo. Aiki ya ƙare, kuɗin sabuntawa ya taru, kunyar komawa hannu rabbana ta riƙe su. Mai iyalin da ba shi da ajiya, tsakaninsa da wannan hali ba nisa.

Shawarata ka karɓi aikin, amma ka zo kai kaɗai tukuna, kuma kafin ka sa hannu ka koma musu da tambayoyi. Su rarraba maka 5,000 ɗin a rubuce: nawa ne asalin albashi, nawa kuɗin gida, nawa na mota. Al'adar kamfanoni ita ce kuɗin gida rubu'in asalin albashi, na mota kashi goma. Rabon yana da tasiri, domin ƙarin kashi 50 cikin 100 da ake yi a kan aikin bayan lokaci da asalin albashi ake lissafa shi. Ka tambaya ko suna da masaukin ma'aikata. Asibitoci da yawa suna da shi har da motar kai da komowa, kuma gado a masauki ya fi maka 'yan ɗaruruwan da za a ƙara maka. Ka tambayi matakin da za a yi maka rajista a hukumar ƙwararrun lafiya ta ƙasar. Mai difloma fanni ne, mai digiri akisa'i, kuma ko a wajen 'yan ƙasa mafi ƙarancin albashin da ake lissafawa 5,000 ne ga fanni, 7,000 ga akisa'i. In kana da digiri suka ba ka 5,000, kuɗin fanni suka ba ka, kana da bakin magana. Sana'ar da aka rubuta a igamarka ita za ta yanke ko za a ba ka izinin kawo iyali nan gaba, saboda haka kada ka yarda a shigo da kai da bizar lebura a ce za a gyara daga baya.

Wasu abubuwan doka ce ta ba ka, ba alfarma ba. Sashe na 40 na dokar ƙwadago ya ɗora wa mai aiki kuɗin ɗauko ka, kuɗin igama da lasisin aiki da sabunta su, bizar fita da dawowa, da tikitin komawarka in kwantiragi ya ƙare. Inshorar lafiya a kansu take. Fasfonka naka ne, babu mai ikon riƙe shi. Kwantiragin da ake aiki da shi shi ne wanda aka ɗora a manhajar Qiwa ka amince da hannunka, ba takardar da wakili ya nuna maka a Kano ba. Ka karanta shi layi-layi, in adadi ya saɓa kada ka danna. Tun Maris 2021 ma'aikacin kamfani yana iya komawa wani wurin aiki ba da yardar kafili ba in ya cika shekara ya kuma bi ƙa'idar sanarwa. Wannan sauƙin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, ka faɗa wa duk ƙanwar da dillali ke zugawa ta zo aikatau. In an riƙe maka albashi akwai ofishin sulhu na ma'aikatar ƙwadago, in bai yiwu ba a wuce kotun ma'aikata, kuma ana samun haƙƙi a can. Abin da ba a yi shi ne ka yi fushi ka daina zuwa aiki. Za a kai rahoton ka gudu, hurub ke nan, daga nan mai haƙƙi ya koma mai laifi.

A madadin fansho ana ba da ladan ƙarshen aiki: rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. A kan 5,000, shekara biyar 12,500, shekara goma 37,500. In kai ka ajiye aikin da kanka, kafin shekara biyu ba ka da komai, daga biyu zuwa biyar sulusi, daga biyar zuwa goma sulusi biyu. Abin da wanda bai yi ajiya ba zai fita da shi bayan shekara goma ke nan, bai kai kuɗin murafiƙan iyalinka na shekara biyu ba.

Mu Hausawa ba mu saba zama da albashi kaɗai ba, kuma na san zuciyarka ta fara lissafin turare da abaya da dabino. Ka yi hattara. Doka ta hana baƙo yi wa wanda ba kafilinsa ba aiki, ta hana shi yin aikin kansa. Buɗe shago da sunan ɗan ƙasa kana juya shi ta bayan fage, abin da ake kira tasattur, hukuncinsa a dokar 2020 ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar, ga kora. Haka karɓar riyal ɗin mutane kana ba su naira a gida. Canji ne ba lasisi, asusun mai albashin 5,000 da aka ga dubbai na shiga da fita zai jawo tambaya, kuma wannan ya jefa mutanen kirki cikin wahala. In kana son sana'a, ka kafa ta a Kano da kuɗin da ka aika ta banki, ka riƙe rasit.

Yanzu dubi lissafin zuwa kai kaɗai. In kana masaukin asibiti ko kun haɗa gida da abokan aiki, kana dafa abincinka, ba ka sayi mota ba, rabin albashinka zai iya tsallakawa duk wata ba tare da ka takura ba. Babu harajin albashi a nan. Riyal 2,500 a wata 30,000 ne a shekara, dala 8,000. Da wannan iyalinka za su zauna a Kano cikin wadata, yara a makaranta mai kyau, fili ya samu, gini ya tashi. Kuɗin nan ne dai da zai narke a Jidda ba a ga abin da aka yi da shi ba. Kafin ka sayi bulo ɗaya, ka tara albashin wata uku da kuɗin tikiti a asusun da ba ka taɓawa, kuma ka bar shi a riyal, tunda ka ga abin da ya sami naira. Gini kada ka yi shi ta waya da amana kawai. Takardar fili da sunanka, kowane aike a nuna maka abin da aka yi da shi. Daga ranar da aka ji kana Saudiyya, kowane biki da suna da rashin lafiya a dangi zai biyo ta wayarka. Zumunci wajibi ne, ban ce ka rufe hannu ba. Ka yanka abin da za ka iya duk wata, ka faɗa wa mahaifi ko babban yaya gaskiyar samunka da abin da ke fita, domin wanda ya ɓoye albashinsa ana ɗauka ya ninka haka. Bashin banki da sayen kaya a biya kaɗan-kaɗan ka guje su a shekarun farko. Mai bashi ba ya fita cikin sauƙi ranar da fita ta kama shi.

Wannan hanya ma tana da nata nauyin. Mace da yara uku babu maigida ba ƙaramin abu ba ne, kai ma ɗakin gwauraye bayan sallar isha yana da kaɗaici. Don haka shawarar ba taka ba ce kai kaɗai. Ka zauna da mai ɗakinka ku yi lissafin nan tare da alƙalami, ta ga adadin da idonta, ku yanka wa'adi. Akwai bizar ziyarar iyali da kake nema da igamarka, wadda ba a biyan kuɗin murafiƙai a kanta. Su zo lokacin hutun makaranta, ku kama gida mai kaya na wata ɗaya ko biyu, su yi Umara, su ziyarci Madina, su koma. Daga Jidda zuwa Harami kamar awa ɗaya ce a mota, ga jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018. Ni'ima ce ta gaske, ita ke riƙe da yawancinmu a nan, kuma burinka na yara su san wurin buri ne mai kyau. Ziyara tana cika mafi yawansa. Hajji dai ko kana zaune a ƙasar sai da tasrihi, wato takardar izinin Hajji, sau ɗaya a shekara biyar. A 2025 tarar wanda aka kama babu shi ta kai riyal 20,000, baƙo kuma a kore shi a hana shi shigowa shekara goma. Kada wani ya ja ka ta ɓarauniyar hanya.

A ganina, mai kai huɗu a igama bai kamata ya ɗauko su ba sai kuɗin murafiƙai da haya a haɗe ba su wuce sulusin samunsa ba, wanda a misalinmu yana nufin sama da riyal 9,000. Hanyar kai wa can a sana'arka a bayyane take: rajistar akisa'i, ƙwarewa a reshen da ake nema kamar bankin jini, Larabcin aiki, sannan bayan kwantiragin farko ka nemi babban asibiti mai ba da kwantiragin iyali. Wannan gogewar tana bin ka duk inda ka je, Ƙatar ko Daular Larabawa ko gida, babu mai soke ta. In mai ɗakinka malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya, fannonin da ake ɗaukar matan baƙi, da albashi biyu zancen ya canza. Wasu kuma garin suke canzawa, domin haya a Jizan, Najran ko Ha'il ta fi ta Jidda sauƙi ƙwarai.

Saura wakili. Tunda mai aiki ne doka ta ɗora wa kuɗin ɗauko ka, duk wanda ya ce ka kawo miliyoyi kafin biza ta fito, ka tsaya ka bincika. Ka tabbatar sunan da ke kan bizar shi ne na asibitin da za ka yi wa aiki. Abin da dillalai ke tallatawa, wai ka shigo da sunan wani ka nemi aiki da kanka kana biyansa duk wata, babu shi a doka. Kada ka ajiye aikinka na Kano sai sakamakon tantance takardu na DataFlow ya fito, ka ci jarrabawar Prometric ta samun lasisin aikin lafiya, biza ta hau fasfo. In wurin aikinka suna ba da hutu ba albashi, shi ya fi ajiyewa, domin lokacin gwaji a nan yana iya kai kwana 180, kuma a cikinsa ana iya sallamar ka ba tare da ladan komai ba. In sun turo maka rabon albashin da amsar masauki, ka aiko mini mu sake bugawa tare. Allah ya zaɓa maka mafi alheri. A gaishe da iyali.